Wa ya gwada ƙofar rumbun da sunanka ke ciki?



Bara, cikin watan azumi, wata ƙungiya da nake taimaka ma da aikin biro ta sa mu shigar da sunayen matan da za a raba ma tallafin abinci cikin wani shafin intanet da aka biya kuɗi aka gina mata. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, ba kuma zan kama sunan wanda ya gina shafin ba, don ba su ne zancen ba. Aikin ba wuya: suna, lambar waya, lambar katin ɗan ƙasa, kartiye, wurin haihuwa, yawan ƴaƴa, da ko mace na da miji ko ya rasu. Ina ta shigarwa lami lafiya, sai na zo kan wata baiwar Allah haifaffiyar Birni N'Konni. Na rubuta sunan garin yadda yake kan katinta, na danna. Sai shafin ya watse, wani dogon rubutu na turanci ya cika allo, ga kalmar SQL ciki, ga sunayen wasu abubuwa da ban gane ba.

Ni dai na ɗauka rezo ne. Na ɗauki hoton allon na tura ma wani abokina da ya karanta informatik, da nufin ya ce mani in jira ko in sake kunna kwamfuta. Ko minti biyar ba a yi ba ya kira ni. Ya ce: "Kai, tsaya nan! Kar ka ƙara sa sunan kowa. Wannan rumbun da kuka zuba sunayen bayin Allah ciki, ƙofarshi a buɗe take. Ba sai gwani ba, ɗan lakkwal ma na iya kwashe shi."

Tun ranar nake bin wannan zance, kuma abin da nake son faɗa yau guda ne. Duk wanda ya karɓi sunanka da lambarka ya zuba cikin kwamfuta, amana ya ɗauka. In bai sa an gwada ƙarfin wurin da ya aje ta ba, bai da bakin ce mana "bayananku na cikin tsaro". Tsaron da ba a gwada ba, zato ne kawai.

Bari in fara da bayanin abin da ya faru, yadda shi abokin nawa ya warware mani shi a fada, muna shan shayi bayan shan ruwa.

Shafin da kake gani a wayarka taga ce kawai, kamar gishen banki. Bayanan ba nan suke ba. Suna can cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda masu aikin ke ce ma sarwar, wasu kuma uwar garke. Cikinta akwai manhajar da ake kira rumbun bayanai. Mafi yawan irin waɗannan rumbuna suna jera komi cikin jadawali, kamar rajistar lakkwal: wannan jadawalin na sunaye, wancan na kuɗi, wancan na kalmomin sirri, kuma lamba guda ke haɗa layinka na nan da layinka na can. Shi ya sa ake ce masu rumbuna masu alaƙa. Wani masani ɗan Ingila mai suna Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM, shi ya fito da tsarin a 1970. Yau sunayen da za ka fi ji su ne MySQL, PostgreSQL, Oracle da SQL Server na Microsoft. Harshen da ake yi masu magana da shi kuma shi ne SQL.

In ka cika fom ka danna, shafin kan rubuta umarni cikin wannan harshe ya aika ma rumbu, ya sa abin da ka rubuta tsakanin wasu ƴan alamomi biyu masu kama da waƙafi a sama, waɗanda ake ce ma apostrof. Ta farko na nufin "rubutun mutum ya fara", ta biyu "ya ƙare". To ita alamar da ke cikin N'Konni iri ɗaya ce da su. Da rumbu ya iso kanta sai ya ɗauka rubutuna ya ƙare a kan harafin N, ya shiga karanta "Konni" a matsayin umarni. Bai san wannan umarni ba, sai ya yi kuka. Sa'adatu ko Isma'ila ko N'Gigmi duk haka za su yi masa.

Ga inda haɗarin yake. Ni kuskure na yi, kalmar banza ta bi bayan alamar. Amma wanda ya san harshen zai iya sa umarni na gaske a wurin. Kamar ka aiki yaro wurin mai shago da takarda, ka rubuta "ba shi shinkafa tiya ɗaya", yaro ya ƙara a ƙasa "da duk kuɗin da ke cikin aljihun tebur", shi kuma mai shago bai bambance rubutunka da na yaro. Wannan shi ake kira cusa umarnin SQL. Da shi ana iya karanta duk jadawalin, a sake lambar wayar da za a tura ma kuɗi, a ƙara sunan da babu shi, ko a share komi.

Abin haushi, ba sabon ciwo ba ne. Tun watan Disamba 1998 wani mai bincike, Jeff Forristal, ya bayyana shi cikin mujallar masu kutse ta Phrack. Ciwon ya kusa sa'ana a shekaru. Maganinsa kuma sananne ne, kyauta ne: a shirya umarnin tun farko, a aika shi daban, abin da mutum ya rubuta ya tafi daban, ta yadda rumbu ba zai taɓa ɗaukar rubutun baƙo a matsayin umarni ba. Duk da haka, cikin jerin manyan haɗurra goma na shafukan intanet da ƙungiyar OWASP ke fitarwa, cusa umarni ne na ɗaya a 2010, da 2013, da 2017. A na 2021 ma yana na uku.

Kada wani ya ce ƙananan ƙungiyoyi irin namu kaɗai ke faɗawa. A Amurka, ta wannan hanya aka shiga kamfanin Heartland mai sarrafa biyan kuɗi da kati, aka kwashe lambobin kati wajen miliyan 130. Jagoran ɓarayin, Albert Gonzalez, kotu ta ɗaure shi shekara 20 a 2010. A Ingila, cikin Oktoba 2015, an shiga rumbun kamfanin sadarwa na TalkTalk, aka taɓa bayanan mutum 156,959, cikinsu sama da 15,000 har da lambobin asusun banki. Ta ina aka bi? Ta wasu tsofaffin shafuka da kamfanin ya gada lokacin da ya sayi wani kamfani a 2009, ba wanda ya waiwaye su. Hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci shi tarar fam 400,000, kusan miliyan 300 na sefa ke nan a lokacin. Wani yaro ɗan shekara 17 ya amsa gaban kotu cewa yana da hannu, ya ce burge abokansa kawai yake son yi. Kwanan nan ma, ƙarshen watan Mayu 2023, gungun ɓarayin intanet da ake kira Cl0p sun samu irin wannan ɓaraka cikin manhajar aika takardu ta MOVEit, suka kwashi bayanan ma'aikatu da kamfanoni sama da 2,000, har da na ma'aikatan BBC da British Airways.

Wani lokaci ma ba ta taga ake bi ba, kan ita uwar garken ake faɗawa. Ranar 25 ga Janairu 2003, wata ƴar mitsitsiyar cuta da aka sa ma suna Slammer ta kama kwamfutoci wajen 75,000 masu ɗauke da SQL Server cikin minti 10. Intanet ta tsaya na sa'o'i a Koriya ta Kudu, na'urorin cirar kuɗi da dama suka daina aiki a Amurka. Alhali Microsoft ya fitar da facin da ke toshe ɓarakar wata 6 kafin nan. Masu rumbunan ne ba su sa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To mene ne gwajin tsaro? A taƙaice, ka ɗauko amintacce wanda ya san hanyoyin ɓarawo, ka ce masa ya gwada shiga gidanka kafin ɓarawon gaske ya zo, ya rubuta maka duk inda ya samu sassauci. Manomi ya san wannan tun kafin kwamfuta: ba a zuba hatsi cikin rumbu sai an duba gindinsa ko gara ta ci, an duba rufinsa ko yana yoyo. Mai gwaji na kirki ga abin da zai duba.

Na farko, ƙofofi. Kowane rumbu na sauraro ta wata ƙofa mai lamba: MySQL ta 3306, PostgreSQL ta 5432, SQL Server ta 1433, Oracle ta 1521. Ɓarayi sun hardace waɗannan lambobi. Ka'ida ita ce kada ƙofar rumbu ta fuskanci intanet kai tsaye, shafin da ke aiki da shi kaɗai ya kamata ya iya kai mata. Da manhaja irin Nmap, wadda kyauta ce, mai gwaji kan gane cikin ƴan mintoci wace ƙofa aka bari buɗe.

Na biyu, mabuɗai. Kowace manhaja kan zo da asusun babban mai gida: root a MySQL, sa a SQL Server. Oracle ma ya daɗe yana zuwa da wani asusun koyo mai suna scott wanda duniya duka ta san kalmar sirrinsa. Shin an sake su? Ko an bar 123456, ko sunan ƙungiya da shekara? Ɗan sitaj ɗin da ya tafi shekara biyu da suka wuce, har yanzu asusunsa na aiki?

Na uku, iyakar iko. Shafin da aikinsa kawai ya nuna sakamakon konkur bai kamata ya samu ikon share jadawali ba. Amma saboda gaggawa, masu ginawa da yawa kan haɗa shafi da rumbu da mabuɗin babban mai gida. Ka ga in an samu ƴar ɓaraka a taga, gidan duka ya tafi.

Na huɗu, tagogin da kansu. Duk wurin da mutum ke iya rubuta wani abu, a gwada shi: akwatin bincike, wurin suna, wurin kalmar sirri, har da adireshin shafin. Akwai manhajoji irin sqlmap da Burp Suite da ke taimakawa, amma idon mutum ya fi, domin shi zai karanta yadda aka rubuta shafin tun daga tushe. Kuma a tabbatar shafi ba ya zubo ma baƙo sirrin cikinsa in ya yi kuskure, kamar yadda ya zubo mani.

Na biyar, shekarun manhajar. Wace fitowa ce ke aiki? Masu ita na fitar mata da faci har yanzu, ko sun daina? Yaushe rabon da a sabunta ta?

Na shida, in an riga an shiga fa? Kalmomin sirrin mutane a fili aka aje su, ko an murɗe su da tsari irin bcrypt ko Argon2 yadda ko an sace ba za a karanta ba? Akwai littafin da ke rubuta wa ya shiga, yaushe, me ya duba? Akwai mai karanta littafin? Akwai kwafin ajiya a wani wuri daban? An taɓa gwada maido da shi? Kwafin da ba a taɓa gwada maidowa ba, ranar da kuran ya ƙone na'ura ko ɓarawo ya kulle komi ya nemi fansa, ranar za a gane ko kwafi ne ko fanko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ƙarshe mai gwaji ya rubuta rahoto, ya jera ɓarakokin daga mafi muni zuwa mai sauƙi, a gyara, ya dawo ya sake gwadawa. Kuma ba sau ɗaya ake yi a huta ba. Duk lokacin da aka ƙara sabon abu a shafi, an buɗe sabuwar taga ke nan.

Yanzu ga gargaɗi ga ƙannena masu zafin kai, waɗanda suka kalli bidiyo biyu a YouTube suka fara jin kansu. Bambancin mai gwaji da ɓarawo takarda ce. Izini a rubuce, da sa hannun mai wurin, da ke faɗin wace na'ura za a taɓa, daga yaushe zuwa yaushe, da abin da ba a yarda a taɓa ba. Abokina bai ƙara ko harafi ɗaya cikin wancan shafi ba sai da shugabar ƙungiyar ta rubuta ta sa hannu. Doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet, wadda yawancinmu muka fi sani ta wajen rubuce-rubucen Facebook da WhatsApp, ita ce kuma ke hukunta shiga na'urar wani ba da izini ba. "Taimako nake son yi" ba zai fid da kai gaban alƙali ba. In koyo kake so, ka girka rumbu kan kwamfutarka ka yi ta fasa shi. Akwai shafukan koyo da aka gina da ɓaraka da gangan don wannan, irin DVWA da WebGoat.

Na san abin da wasu za su ce. "Mu wa ya damu da mu? Me muke da shi da za a sata?" Ɗan uwa, ɓarawon intanet ba ya zaɓen gida. Na'ura yake saki tana bin adireshi ɗaya bayan ɗaya tana taɓa ƙofofi, ba ta san Maradi ba, ba ta san Paris ba. Kuma ka dubi abin da ke cikin wancan jeri namu: sunan mace, lambarta, kartiyenta, da shaidar cewa mijinta ya rasu kuma tana jiran tallafi. Wannan dukiya ce ga ɗan damfara. Gobe zai kira ta, ya ambaci sunanta da yawan ƴaƴanta, ya ce daga ƙungiya yake, ta turo jikka biyar na buɗe dosiye. Za ta yarda, don ya san abin da ƙungiya kaɗai ta sani. Wa cikinmu bai da inna ko gwaggo da aka taɓa yi ma irin wannan kira? Kuma kalmar sirri in ta fita ana sake ta. Ranar haihuwa da sunan uwa da zanen yatsa fa, wa zai sake maka su?

Wasu kuma za su ce babu kuɗi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya: gwaji mai zurfi daga ƙwararren kamfani na da tsada, kuma ƙungiyar da ke fama da kuɗin haya ba za ta iya ba. Amma rufe ƙofa, sake kalmar sirri, rage iko, sa faci, gwada kwafin ajiya, duk ba sa cin ko dala. Lokaci suke ci da kulawa. In kuwa har ba za ka iya tsare abu ba, to kar ka karɓe shi. Me ya kai lambar katin ɗan ƙasa cikin jerin rabon shinkafa? Abin da ba ka aje ba, ba mai sace shi wurinka.

Zancen ya wuce ƙungiyoyi. Ka lissafa wuraren da sunanka ke kwance yau: rajistar layin waya, wurin aika kuɗi, banki, rajistar masu zaɓe mai zanen yatsa da aka yi don zaɓen 2020, jami'a, asibiti, meri, duk konkur ɗin da ka taɓa cika ma fom. Ban ce ko ɗaya cikinsu na da ɓaraka ba. Cewa na yi muna da haƙƙin tambaya. Ƙasarmu na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, an sabunta ta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da aka ɗora ma kula da ita. Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka ta 2014 kan tsaron intanet da kare bayanai, wadda ta fara aiki a watan Yuni 2023. Doka ta ɗora ma mai riƙe da bayanai nauyin tsare su. To ta yaya zai san ya tsare in bai gwada ba?

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, mu kuma fara yi da kanmu.

Duk kwangilar gina shafi ko manhaja da za ta riƙe bayanan jama'a, ta gwamnati ce ko ta ƙungiya, a sa gwajin tsaro cikin sharuɗɗanta, kuma kada wanda ya gina ya zama shi ne mai gwadawa. Ba a biyan kuɗin ƙarshe sai an gyara abin da aka gano. Masu ba da tallafi da ke tambayarmu rasit ɗin kowane buhu, su ware kaso cikin kasafi don wannan.

Kowace ma'aikata ta buɗe adireshin da wanda ya ci karo da ɓaraka, kamar yadda na ci karo da tawa, zai kai rahoto ba tare da tsoron a juya zancen kansa ba. In mai gaskiya na tsoron magana, ɓarakar na nan, marar gaskiya ne kawai zai amfana.

In an yi kutse, a faɗa ma mutanen da abin ya shafa, da harshen da suke ji, don su yi hattara da kiran ƴan damfara. Rufa-rufa na kare sunan ofis ne, ba ta kare talaka.

Sannan a yi amfani da yaranmu. Ga jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ga Dan Dicko Dankoulodo a Maradi, ga André Salifou a Damagaram, ga Djibo Hamani a Tawa. Matasa na fitowa da diplom suna zaune a fada. A koya masu wannan aiki bisa ƙa'ida, a ba su sitaj, a biya su.

Mu dai namu ya zo da sauƙi. Shugabar ta sa an rufe shafin a daren, muka koma kan takarda na ƴan kwanaki. Abokina ya samu ƙofar rumbun na fuskantar intanet, kalmar sirrin kuma sunan ƙungiyar ce da shekara a bayanta. Wanda ya gina shafin ya fara da fushi, daga baya ya zauna suka gyara tare. Muka kuma cire gurbin lambar kati gaba ɗaya. Ko wani ya riga mu shiga kafin ranar? Babu mai iya cewa, don ba a kunna littafin shiga da fita ba. Wannan shi ke damuna har yau in na tuna fuskokin matan nan da suka miƙo mana katinsu da hannu biyu.

Don haka in kana cikin wata ƙungiya, ko kana aiki inda ake aje sunayen mutane, ka yi tambaya uku a taro na gaba: wa ya gwada rumbunmu, yaushe, kuma ina rahoton? In an yi shiru, ka samu amsarka.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Wanda ke da masaniya kan wannan aiki, ko ya taɓa cin karo da irin abin da na ci karo da shi, ya ƙara mana haske, amma don Allah ban da kama suna.